Yadda Ake Sassaƙa Fitilar Samhain Irin ta Ailan

A daren 31 ga Oktoba mutanen Ailan da Sikotland ke bikin Samhain (ana furta shi "Sawin"), wato bankwana da kaka da shigowar hunturu. A al'adance, da tanip suke yin fitilarsu mai fuska mai ban tsoro, wata saiwa mai tauri, zagayayya kamar ƙaramin ƙoƙo. Sai da suka yi ƙaura Amurka suka koma kabewa, don ta fi laushi.

1. Zaɓi babban tanip. Mai ƙuraje da karkata ya fi ban tsoro, kada ka raina shi.

2. Yanke samansa, ka ajiye a matsayin murfi.

3. Rarake cikin. Nan aikin yake, hannu zai gaji. Fara tsattsaga naman da wuƙa, sannan ka kwashe da cokali mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan, har bangon ya rage kaurin yatsa. Abin da ka kwashe na tukunya ne.

4. Zana fuska da gawayi kafin wuƙa ta taɓa. Bi tabon jikinsa, shi zai nuna maka inda ido zai zauna, sannan ka sassaƙa fuskar da wuƙa.

5. Huda murfin don hayaƙi, kunna guntun kyandir a ciki, ka ɗora a taga nesa da labule.

Bayan 'yan kwanaki zai yamutse kamar fuskar tsoho. A ganina lokacin ya fi kyau.