Yadda za ka fara koyon zanen gidan da na'ura za ta gina

In kana karantar zanen gine-gine ko kai magini ne, ka sani yanzu akwai mutum-mutumi mai tada bango da kansa, bututu ne ke zuba kwaɓin siminti layi bisa layi. A Malawi kamfanin 14Trees ya buga bangon wata makaranta da irin wannan na'ura cikin awa 18 kacal.

To ta ina za ka fara? Ka koyi manhajojin zane na Rhino da Grasshopper a kwamfuta, don ita na'urar ba ruwanta da zanen takarda, hanyar da bakinta zai bi kawai ta sani. Riƙa zana bango mai lanƙwasa, kwana mai kaifi na ba ta wahala, kuma kar layi ya leƙo waje da yawa ba abin da ya tallafe shi, zubewa zai yi.

Kwaɓin nan shi ne wuyar aikin wallahi, in ya yi ruwa bangon ya baje, in ya yi tauri bututu ya toshe, don haka gwada da hannu tukuna, cika leda da laka ka huda kusurwa ka matso layi goma a kan juna, ka duba ko na ƙasa zai ɗauki na sama. Ni laka ta fi burge ni, gidan TECLA na Italiya da ƙasar wurin aka buga shi, mu da muka gaji ginin tubali ai wannan ba baƙo ba ne.

Rufi, tagogi, wayarin da famfo har yanzu sai hannun mutum, ka bar musu gurbi tun a zane.