Kurakuran masu fara zikiri: carbi na gudu, zuciya na kasuwa

Na gaji da ganin ƙannenmu suna faɗawa ramin da na faɗa, shi ya sa zan yi magana. Zikiri tunawa ne. A Suratul Hashri, aya ta 19, Allah Ya hana mu zama kamar waɗanda suka manta Shi, sai Ya mantar da su kawunansu. Wanda ya bar ambaton Ubangijinsa, har kansa ɓace masa yake yi, kuma da zikiri ake nemo shi.

Kuskuren da ya ci mini shekara biyu shi ne tseren lamba. Na sayi ɗan carbin lantarkin nan da ake saƙalawa a yatsa, na ɗora wa kaina hailala 5,000 kullum. Ina dannawa ina ciniki, ina dannawa ina duba waya. Wata ranar Juma'a Inna ta kira ni in ɗauko mata buta, na amsa mata a fusace don ta katse mini ƙirge. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, wa kake ambato haka?" Ranar ban iya barci ba. Harshena ya yi dubbai, halina yana nan inda yake.

Ku tuna Nana Juwairiyya, matar Annabi (SAW), Allah Ya yarda da ita. Manzon Allah (SAW) ya bar ta tana zikiri bayan asuba, ya dawo da hantsi ya tarar da ita a wurin, ya sanar da ita cewa kalmomi 4 da ya faɗa sau 3 za su rinjayi duk abin da ta yi tun safe. Ni yanzu istigfari 100 nake yi bayan asuba, a gaɓoɓin yatsuna, waya tana wani ɗakin. In hankali ya tafi, in dawo da shi ba tare da tsangwama ba.

Na biyu, kuma wannan yana ƙona mini rai: kwasar wuridi a WhatsApp. Wani da ba ka san fuskarsa ba ya turo "sirrin buɗi", sunan Allah kaza ƙafa dubu kaza cikin dare, kai kuma ka hau. Haba! Zikiri ya zama laƙanin neman kuɗi? Na yi, na kwana uku ina ja, na makara sallar asuba duka ukun. In ɗarika kake so, je ka zauna gaban malami ya ba ka izini, ya san ƙarfinka. Lazimin Tijjaniyya ma istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. In ba ka cikin ɗarika, azkar ɗin safiya da maraice da tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 33 bayan kowace salla sun isa ka fara da su.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ta da maƙwabta da murya, ba kurma kake kira ba. Kada ka zauna jiran hawaye ko mafarki. Kada ka gaya wa kowa adadinka. Masu cewa "zuciyata ba ta halarta, gara in bari", ku ci gaba da yi ko da harshe ne kaɗai. Ni sai da na yi wata huɗu kafin na fara jin ma'anar astagfirullah tana taɓa ni, kuma a layin gidan mai abin ya fara zo mini, ina zaune a kan babur.