Kula da Jakar Bayan Gida Bayan Tiyatar Hanji

Idan ciwon kumburin hanji ya kai ga an cire maka babban hanji, an fito da bakin ƙaramin ta fatar ciki, an manna jakar da bayan gida zai riƙa zuba a ciki, abin tsoro shi ne bushewar jiki, domin babban hanjin ne ke tsotse ruwa da gishiri. Ga kuma zafin Legas. Ruwa zalla ba ya wadatarwa, riƙa kurɓar ORS, wato ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan. In abin da ke fita ya haura lita 1.5 a yini, ko fitsari ya ragu, garzaya asibiti.

Juye jakar tun ba ta kai rabi ba, musamman kafin ka shiga danfo daga Agege cikin cunkoso. Yanka ramin faifan da ke manne jakar a fata daidai bakin hanjin. In ya yi faɗi, bayan gida zai cinye fatar. Gyaɗa da masara kuwa, tauna su sosai, suna toshe hanya.