Yadda ake sa fenti ya nuna azaba a jikin mutum

Masu koyo kan ruga ga fuska, su wage baki, su kwararo hawaye. A zanen jiki ba tufafi kuwa, fata da gaɓoɓi ne ke ɗauke da ciwon.

Da fentin mai ake wannan zane. Fara da shimfiɗa, wato shafin farko da sauran launuka za su hau kansa. Haɗa kaso uku na koren ƙasa da kaso ɗaya na fari, ka sirka da tina, ka shafe jikin da ka zana siriri, ka bar shi kwana biyu zuwa uku ya bushe. Sannan ka ɗora launin fata sama-sama, yadda koren zai riƙa leƙowa a haƙarƙari, ciki da ƙarƙashin haɓa. Ido zai ga jini ya janye. Matthias Grünewald, mai zane ɗan Jamus, ya kai wannan launi matuƙa a zanen gicciye Yesu da ya yi wa garin Isenheim, tsakanin 1512 da 1516, wanda ya yi wa wani gidan ibada mai jinyar masu ciwon fata: jikin kore-kore, duk tabo.

In fatar baƙa ce, kore bai cika aiki ba. Shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu da ɗan shuɗi, sannan ka goga ruwan toka da busasshen burushi a gwiwa, ƙwauri da leɓe, ta yi furu-furu kamar ta mai doguwar jinya.

Jan launi kuma a yi masa rowa. Gwiwar hannu, gaɓoɓin yatsu, gefen ido, shi ke nan. Da ya bazu ko'ina, mutumin ya koma mai ƙoshin lafiya da ya sha rana.

Burushi mai tsaurin gashi ake so. Inda tsoka ta ɗaure, ja gajerun layuka masu ratsa ta a karkace, fenti da kauri, kada ka koma kansu. Inda jiki ya saki, sirka fentin ka ja shi ƙasa a dogon zubi. Yawan gugar launuka biyu har su narke shi ke kashe aikin: fata ta yi sumul kamar roba, launi ya zama taɓo.

Kowane shafi na sama ya zama ya fi na ƙasa yawan mai, in ba haka ba ya tsattsage. Inuwa kuma a haɗa ta da shuɗi da ruwan ƙasa, a guji baƙi mai kwalta. Ana cewa Géricault, mai zane ɗan Faransa, ya yi amfani da shi a zanensa na 1819 na mutanen da jirginsu ya yi hatsari a teku, wanda ke gidan tarihi na Louvre a Paris, ga shi wuraren sun dushe sun yamutse, don kwalta ba ta gama bushewa.