Kurakuran da muke yawan yi kan su Gandhi da manyan Indiya na zamanin Turawa

Jama'a duk sanda hira ta faɗo kan tarihin Indiya kurakurai iri ɗaya nake ji ana ta maimaitawa, ba mamaki tunda yawancinmu ta finafinai muka san ƙasar, to bari mu gyara kaɗan.

Wanda ya fi yawo shi ne wai Indira Gandhi 'yar Mahatma Gandhi ce. Wallahi ko dangin nesa ba su haɗa ba, ita 'yar Jawaharlal Nehru ce firaministan farko, sunan Gandhi ɗin na mijinta ne Feroze Gandhi. Mahatma ma laƙabi ne, ainihin sunansa Mohandas, kuma bai taɓa zama shugaban ƙasa ko firaminista ba. Wanda ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948 ɗan Hindu ne irinsa, Nathuram Godse, don yana ganin ya cika sassauta wa Musulmi.

Amma wanda ya fi damuna shi ne a ce duk Musulmin Indiya Pakistan suke so, Hindu kuma ba sa so, shi ke nan an gama. Ina, abin ya fi haka cakuɗewa. Shi kansa Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci kafa Pakistan, ɗan jam'iyyar Congress ta su Gandhi ne da farko, yana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar Lucknow ta 1916 tsakanin Congress da jam'iyyar Musulmi ta Muslim League, sai a 1920 ya fice daga Congress bayan sun saɓa da salon Gandhi, maganar ƙasa ta daban kuwa sai a taron Lahore na 1940 jam'iyyarsa ta Muslim League ta ɗauke ta a hukumance. To idan za ka kawo maganar Jinnah fara duba shekarar tukuna, don na 1916 daban na 1940 daban. Ga kuma Maulana Abul Kalam Azad, haifaffen Makka a 1888, malamin da ya yi tafsirin Alƙur'ani da Urdu, Turawa suka rufe masa jaridarsa Al-Hilal, shi ya shugabanci Congress daga 1940 zuwa 1946 kuma ya ƙi raba ƙasa har ƙarshe, daga baya ya zama ministan ilimi na farko a Indiya. Haka Maulana Husain Ahmad Madani na makarantar addini ta Deoband wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a Madina, Turawa suka tsare shi a tsibirin Malta tare da malaminsa, shi ma bai yarda da rabuwar ba.

Akwai masu haɗa makarantun Deoband da Aligarh su ce abu ɗaya ne. Duka biyun bayan boren da aka yi wa Turawa a 1857 suka taso amma kowa da maganin da ya gani, Deoband a 1866 ta riƙe karatun addini nesa da gwamnatin Turawa, shi kuma Sir Sayyid Ahmad Khan ya buɗe makarantarsa a Aligarh a 1875 yana cewa sai Musulmi sun koyi Ingilishi da kimiyya, ya sha suka daga malamai kuwa ba kaɗan ba.

Sai kuma manta Ambedkar da ake yi, wannan kam yana min ciwo. Ɗan Dalit ne, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Yana yaro a makaranta buhu yake zuwa da shi daga gida ya shimfiɗa a gefe ya zauna, in ƙishi ya kama shi ba dama ya taɓa ruwan, sai masinja ya zo ya zuba masa a baki daga sama, ranar da masinja bai zo ba haka zai wuni da ƙishi. Wannan yaron ne ya yi digirin digirgir a Amurka da Ingila, ya jagoranci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950. Kuma kar ka ce yaron Gandhi ne, a 1932 sun yi kazamin saɓani kan ba Dalit zaɓe na daban har Gandhi ya shiga yajin cin abinci a kurkuku, dole Ambedkar ya sa hannu a yarjejeniyar Poona, ya haƙura da zaɓen na daban. A 1956 ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a garin Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa, bai cika wata biyu ba ya mutu.