Idan ciwon zuciya ya shiga gida, a gwada sauran dangi

Tun da aka kwantar da yayanmu da ciwon zuciya nake bin ƴan gidanmu da maganar gwaji. A fara da iyaye, ƴaƴa da waɗanda ake ciki ɗaya da su, musamman in ciwon ya kama namiji kafin shekara 55, ko mace kafin 65.

Hawan jini ne kan gaba, don ba ya sallama. A zauna a huta minti biyar, sannan a auna. In ya kai 140/90, a sake wata rana. In bai sauka ba, sai likita. Kada a ce zafin Sakkwato ne kawai, baffana haka ya yi ta faɗi.

Gwajin suga da na kitsen jini kuwa, a tafi Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da sassafe, ba a karya ba. Sugan da ya kai 126 a ma'aunin mg/dL abin bincike ne.

A gaya wa likita gaskiya kan taba, da yawan gishiri da magin da ake zubawa a miya. Takardar sakamakon a adana ta, a je da ita gwaji na gaba.