Yadda za ka ci gaba da aiki ranar da gwiwa ta yi sanyi

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran zumuɗi kafin a fara aiki. Zumuɗi yau ya zo, gobe ya ɓace, musamman idan rayuwa ta yi tsanani. Tsari ne ke riƙe mutum.

Ka mayar da burinka aikin minti 20 a rana, ka ɗaura shi da abin da ka saba yi: da zarar ka karya kumallo, ka zauna wuri ɗaya, littafi ko kayan aiki na gabanka tun daren jiya. Ka kuma ajiye ɗan ƙaramin mataki don ranar da jiki ya ƙi, ko da minti 5 ne, ka ja layi a kalanda.

Inda akasari ake zubewa: rana ɗaya ta kuɓuce, sai mutum ya ce shi ke nan, ya watsar. Binciken Phillippa Lally a jami'ar UCL da ke Landan a 2009 ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ta ba. Kada dai ka bari ta zama biyu a jere.

Idan ka yi mako biyu kana gaza cikawa, nauyin ne ya yi yawa. Raba shi biyu, sannan ka duba ko kana samun isasshen barci.